Fasinjan Marka

Idan watan shida ya kama,
sama takan rufe Kumasi kamar murfin tukunya,
ni ma wani abu yakan rufe a ƙirjina.
Ba ciwo ba ne da za ka nuna da yatsa.
Likita ya auna jinina, ya ce lafiya lau.
Na ce to, na biya, na fito cikin yayyafi.

Shekara goma sha tara ina jan tirela,
albasar Galmi zuwa kudu, siminti zuwa arewa.
Na san kowane rami daga Ofinso zuwa Faga,
na san shingen da ake miƙa sidi biyar
da wanda gaisuwa ta wadatar.
Amma wannan fasinja da ke zuwa da marka,
har yau ban san sunansa ba.
Ba ya sallama, ba ya biyan kuɗin mota.
Yakan zauna tsakanina da Mutala, yarona,
ya kashe rediyo, ya cire gishiri daga miya,
ya mai da tafiyar awa ɗaya ta zama wuni.
Waifa na kai da komo a gilashi
kamar tsohuwa mai girgiza kai: a'a, a'a, a'a.

Bara a Aboabo, Fusena ta ajiye mini tuwon zafi,
ta daɗe tana kallona, sannan ta ce,
"Ka dawo, amma ba ka iso ba."
Na nemi amsa a cikin kwano, ban samu ba.

Gariba ya ce ƙwaya ce maganinsa.
Ja biyu da safe, ja biyu da la'asar.
Kan motarsa na nan a kwarin Kintamfo,
ciyawa ta fito ta tagar direba.
Duk wucewa sai na rage wuta,
ba don kwanar ba.

A Suwame na fara faɗa da baki.
Ofori yana ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani,
shi ya sa ma na iya.
Ya yi shiru, ya ce in miƙo sifana sha bakwai.
Da ya fito, baƙin mai har gira,
ya ce nasa yakan zo ne a watan da uwarsa ta rasu,
ya ce injin da ya yi sanyi ba a dukansa,
barinsa ake ya yi ɗumi.

To, haka nake yi yanzu.
Ina cin koko da ƙosai ko bakina bai so ba.
Na ce wa Mutala, in ka ga na yi shiru daga Teciman har Kintamfo,
ka dame ni da surutun ƙwallo.
Yana yi, har ya wuce gona da iri.
Da magariba nakan shimfiɗa kwali a gindin taya,
ruwa na ɗiga daga tamfol bisa wuyana,
in gaya wa Mai sama abin da ya riga ya sani.
Bayan isha Rahina takan kira,
ta karanta mini lissafin sau bakwai,
kullum a bakwai sau takwas take tuntuɓe,
kullum nakan yi kamar ban ji ba, don ta sake.

Wani lokaci, bayan gadar Buife,
gajimare yakan tsage kamar tsohon buhu.
Sai in faka, in sauka, in tsaya cikin rana
kamar ƙadangare a kan katanga.
Masu wucewa su yi hon, su zaci taya ce.

Bai tafi ba. Ba na yi wa kaina ƙarya.
Yakan sauka da kansa wajen watan tara,
ba godiya, ba sai wata rana.
Yau ƙarfe huɗu na asuba, Asawase na barci,
kwata ta cika, kwaɗi sun ƙi yin shiru.
Na duba mai, na duba ruwa, na buga tayoyi da guduma.
Yana ciki, ya riga ni hawa.
Na ce masa, matsa, ka zauna mini a kan hula.
Motar za ta ja tan arba'in.
Ni yau kaɗai zan ja.